Wanda Ya Ci Ladan Kuturu: Wa Zai Kwashe Ledar da Ke Harabar Makarantunmu?

'Yan uwa malamai, babu wanda bai san yadda safiyar Litinin take a makarantar firamare ba. Tun kafin a buga ƙararrawa yara sun bazu cikin haraba, wasu da tsintsiya, wasu sun duƙa suna tsinta da hannu, mu kuma muna tsaye a bakin aji muna nuna musu inda suka tsallake. Abin da suke tsintowa kusan iri ɗaya ne kullum: ledar fiya wata, baƙar leda, ledar biskit, bawon alawa, da robar lemo da wani mai wucewa ya murƙushe ya cillo ta saman katanga. A tara su a bayan aji, monita ya karɓo ashana, hayaƙi ya turnuƙe, mu shiga darasin farko ana tari ana murza ido. Kafin a dawo daga tara, harabar ta koma yadda take, tamkar ba a taɓa sa mata tsintsiya ba.

Bari mu yi lissafi irin wanda muke ba 'yan aji huɗu. A ce makaranta tana da yara 600, kowannensu ya sayi ruwan leda ɗaya tak a rana da kuɗin tararsa. A mako mai kwana biyar an yar da leda 3,000. A zango mai mako 13 ta kai 39,000, a shekara kuwa ta haura 100,000, daga makaranta ɗaya, daga kaya iri ɗaya. Idan kuma shara ta ci minti 15 daga lokacin darasi a kowace rana, a mako an yi asarar minti 75, wato kimanin darasi biyu. Kowane malami zai iya sa adadin yaran makarantarsa ya ga abin da zai fito masa.

Shekara da shekaru muna ɗora laifin a kan yara, muna cewa ba su da tarbiyyar tsafta. Idan mun gaji da yara sai mu juya kan mata masu talla a bakin ƙofa. Idan jami'an duba makarantu suka zo suka tarar da leda ta maƙale a jikin waya, mu ake rubuta wa takardar tuhuma. Kowa yana neman na ƙasa da shi ya sauke masa kayan. A cikin wannan jerin gwanon masu laifi akwai mutum ɗaya da ba a taɓa kiran sunansa ba, alhali sunan nasa yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kowace leda da muke sharewa: wanda ya ƙera ta, ya zuba kayansa a ciki, ya sayar, ya karɓi kuɗinsa. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ra'ayinmu a wannan rubutu shi ne, duk wanda ya ci ribar mazubi, wajibi ne ya ɗauki nauyin kwashe shi bayan an gama amfani da shi, kuma ya kamata reshen ƙungiyarmu ya sa bakinsa a maganar.

Abin da muka taso muka gani

Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu da muka yi firamare shekaru talatin da wani abu da suka wuce muna tuna yadda ake sayen lemon kwalba. In aka aiki yaro shago, ko dai ya tafi da kwalbar da babu komai a ciki, ko ya bar kuɗin kwalba a hannun mai shago har sai ya mayar. Mai shago yana jera kwalaben a kiret, motar kamfani ta zo ta kwashe, a wanke su a sake cikawa. Ba mu taɓa ganin kwalbar lemo mai lafiya a cikin kwata ba, domin kuɗi ce. Babu malamin da ya taɓa tsayawa a taron safe yana yi wa yara nasiha a kan kada su yar da kwalba. Kamfanin ne ya tsara abin ta yadda kayansa za su koma masa, saboda kwalbar tasa ce kuma asararta tasa ce.

Da aka koma robar da ake sha a yar, kamfani ya huta da wanki, ya huta da jigilar kwalaben da babu komai a cikinsu, ya huta da asarar waɗanda suka fashe. Wahalar kuwa tana nan, an dai sauya mata mai ɗauka ne. Ta bar littafin lissafin kamfani ta dawo kan mai unguwa da ƙaramar hukuma da ɗan aji uku mai tsintsiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka ma sharar gidajenmu, a da dukiya ce. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna shigowa da jakuna da rani, su cika mangala da toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, su kai gona ta zama taki. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi rubutu mai yawa a kan yadda wannan taki ya taimaka wa gonakin yankin suka jure noma kowace shekara ba tare da hutu ba. Abin da muke ƙunshe abinci da shi a lokacin, ganye ne da takarda, mazubanmu kuma ƙwarya da kwando da tulu, duk ƙasa tana cinye su. Yau manomi in ya sayi shara sai ya zauna tsince leda, wadda ya tsallake kuma ta kwanta a gona ta hana ruwa shiga ƙasa. Mahauta ma shaida ne, sun sha farke tumbin saniya ko akuya su tarar da dunƙulen leda, dabbar ta rame ta lalace alhali cikinta a cike yake.

Inda aka mayar da shi doka

A 1990 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Thomas Lindhqvist ya miƙa wa ma'aikatar muhalli ta ƙasarsa rahoto, inda ya ba wannan tunani sunan da duniya ta san shi da shi yanzu, wanda ake taƙaitawa da haruffan EPR. Ma'anarsa a Hausa ita ce tsawaita alhakin mai ƙera kaya. Wato alhakinsa ba ya ƙarewa a ƙofar masana'anta ko a kan kantar mai shago, yana bin kayan har zuwa ranar da suka zama shara.

Jamus ce ta fara gwada shi da gaske. A 1991, lokacin da Klaus Töpfer yake ministan muhalli, aka kafa dokar da ta wajabta wa masu ƙera kaya da masu sayar da su karɓar mazuban kayansu. Da yake ba zai yiwu kowane kamfani ya bi gida gida yana neman kwalinsa ba, sai kamfanonin suka haɗu suka kafa wani kamfani guda mai kwashewa a madadinsu. Kowanne yana biyan kuɗi gwargwadon nauyin mazubin da ya fitar kasuwa da irin abin da aka yi shi da shi, a buga masa wani tambari da ake kira koren ɗigo. Hikimar tana cikin wannan ma'auni. Tun da mai mazubi mai nauyi ko mai wuyar sarrafawa shi ya fi biya, sai kamfanoni da kansu suka shiga rage kwalaye da robobin da ba su da wani amfani sai ado. A 1994 Tarayyar Turai ta fitar da tata dokar a kan mazubai. A 2003 kuma Jamus ta sa kuɗin ajiya a kan gwangwani da robar abin sha da ake amfani da su sau ɗaya. Yau mai saye yana barin santi 25 a kan kowace, ya karɓi abinsa in ya mayar, kuma fiye da tara cikin goma suna komawa. Kuɗin kwalbarmu ne na da, aka sa masa hatimin hukuma.

Kada a ce wannan sai ƙasashen Turai. Afirka ta Kudu ta fara aiki da irin wannan doka a 2021, a kan mazubai da kayan lantarki da fitilu, kuma ta sa a ciki cewa a riƙa biyan masu tsintar shara da aka yi wa rajista ladan aikinsu, ban da kuɗin kayan da suka sayar.

Mu ma muna da ita, a takarda

Ƙasarmu ta taɓa nuna cewa ta fahimci wannan ƙa'ida sarai. A 1988 aka gano cewa an jibge gangunan sharar guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Gwamnatin lokacin ta tsaya kai da fata sai da aka zo aka kwashe kayan aka fitar da su daga ƙasar. Daga wannan al'amari ne aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar, sannan a 2007 aka kafa NESREA, hukumar da ke tilasta bin dokokin muhalli. A 2014 NESREA ta fitar da ƙa'idojin aiwatar da shirin alhakin mai ƙera kaya. A 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha suka kafa ƙawancensu na tattara roba mai suna FBRA, masu kayan lantarki kuma suka kafa EPRON. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan sharar roba.

Saboda haka abin da muke nema ba sabon abu ne da za a ƙirƙiro mana ba. Tambayarmu ita ce, ina rabon garuruwanmu a cikinsa? Motocin da ke kawo lemo da biskit da madarar leda ba su taɓa ɓata hanyar ƙauye ko ɗaya ba. Duk lungun da babu asibiti, babu famfo, babu kwalta, za a tarar da kayan a shagon bakin hanya. Wanda ya iya shirya hanyar kai kaya har can, ya iya shirya hanyar dawo da ɓawonsu. Motar da ta sauke kaya a kasuwarmu, ai da sararinta take komawa.

Masu kwashe mana shara na haƙiƙa a yau su ne 'yan gwangwan da 'yan jari-bola, waɗanda da yawansu sa'o'in ɗalibanmu ne, wasu ma ɗalibanmu ne da suka daina zuwa aji. Mu lura da abin da suke ɗauka da abin da suke bari. Ƙarfe da alminiyam da tagulla ba sa kwana a juji. Tsohon bokiti da fasasshiyar kujerar roba ma suna da masu saye, domin akwai masu injin niƙa su a mayar da su buta da baho da silifa. Amma ledar fiya wata sai an tara ɗaruruwa kafin ta kai kilo ɗaya, kuɗin kilon kuma bai taka kara ya karya ba. Ledar biskit da ta omo da ta madara kuwa, wadda ake haɗa roba da wani siririn ƙarfe mai ƙyalli a manne, kusan babu mai sayenta ko kaɗan, saboda raba su yana da wuya. Kasuwa da kanta tana kwashe abin da ke da daraja, ta bar mana wanda ba shi da ita. A nan ne kuɗin mai ƙera kaya yake da aiki: ya cike giɓin da ke tsakanin wahalar tsintar leda da abin da ake samu in an sayar da ita. Ranar da buhun ledar ruwa ya zama kuɗin kirki, za a neme ta a harabar makaranta a rasa.

Akwai kuma sharar da ta fi leda haɗari ko da ba ta kai ta yawa ba. Baturan mota da na sola da suka cika gidajenmu a 'yan shekarun nan, da yawansu dalma ce a cikinsu. Idan suka mutu, ana fasa su a bakin hanya a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Yaron da ya tsira daga ita yakan tashi da raunin fahimta, kuma ajinmu zai zo mu yi ta fama da shi ba mu san dalili ba. Wanda ya shigo da batir ya sayar, shi ya fi cancanta ya karɓi mataccen ya kai inda za a sarrafa shi ba tare da an cutar da kowa ba.

Abin da masu ja za su ce

Wasu abokan aiki za su ce duk kuɗin da aka ɗora wa kamfani, a kan mai saye zai sauke shi, ga shi kuwa albashinmu ba ya kai mu ƙarshen wata. Wannan magana gaskiya ce, ba za mu musa ba. Wani kaso na kuɗin zai shiga farashi. Amma mu tambayi kanmu, yanzu kyauta muke zaune da sharar? Muna biya a kemis idan sauron da ya ƙyanƙyashe a kwatar da leda ta toshe ya sa wa yaro zazzaɓi. Muna biya idan ruwan Agusta ya rasa hanya ya shiga gidaje ya kayar da katanga. Mai akuya yana biya, manomi yana biya, ƙaramar hukuma tana biya da kuɗin da ya kamata a gyara rufin aji da shi. Bambancin shi ne, kuɗin da muke biya yanzu ba ya hana ko leda ɗaya zuwa gobe. Idan aka sa shi a kan mai ƙera kaya kuwa, zai zauna ya yi tunanin yadda zai rage abin da yake biya, ko ta sauya mazubi, ko ta komawa ga wanda ake mayarwa. Shi kaɗai ne yake da ikon wannan zaɓi. Yaro mai kuɗin tara ba shi ne ya zaɓi a sa ruwa a leda ba.

Wasu za su ce masu fiya wata ba manyan attajirai ba ne, da yawansu ƙananan 'yan kasuwa ne masu inji ɗaya ko biyu, suna ɗaukar matasan unguwa aiki, ga tsadar man janareta. Wannan ma haka ne, kuma ba ma son a mayar da dokar muhalli wata sabuwar hanyar tatsar talaka a shingen hanya. Sai dai akwai mafita. Masu cika ruwa suna da yawa, amma masu ƙera naɗin ledar da masu shigo da ƙwayar robar da ake yin ta da ita ba su da yawa. A karɓi kuɗin daga can sama, gwargwadon nauyi, kowa ya biya daidai abin da ya saya. Sannan kowace ledar ruwa da aka yi bisa ƙa'ida tana ɗauke da sunan mai ita da adireshinsa da lambar rajistar NAFDAC, masu sana'ar kuma suna da ƙungiyarsu. Babu wuya a san su, babu wuya su haɗu su buɗe wurin sayen leda ɗaya a kowace gunduma.

Wasu kuma za su ce a hana ledar gaba ɗaya a huta. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a watan Janairun 2024. Hani yana da wurinsa, musamman ga abin da ke da madadi a kusa. Amma maƙwabciyarmu Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san baƙar leda ba ta ɓace ba. Dokar da ba a tanadi madadi da masu tsaron ta ba, a takarda take tsufa. Ruwan leda kuwa ya samu shiga ne saboda famfo ya ƙafe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya hana fiya wata a garin da babu ruwan famfo, ya tura yara ga ruwan da zai sa su amai da gudawa.

Na ƙarshe su ne masu cewa matsalar halinmu ce, mutanenmu ba sa jin kunyar yar da shara. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ba za mu daina koyar da tsafta ba, aikinmu ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: yaron da ya ji maganarmu ya sa ledarsa a kwando, ina kwandon yake zuwa? Bayan aji, wurin ashana. Mun koya masa ya tara, ba mu da inda za mu kai. Tarbiyyar da babu tsari a bayanta tana gajiya, yaro kuma yana da ido, yana ganin ƙarshen abin da ya tara.

Inda ya kamata mu yi hattara

Idan wannan magana ta yi ƙarfi, makarantu ne wurin farko da za a nufo, domin mu ne muke da yara da yawa a wuri ɗaya. Wasunmu sun riga sun ga samfurin abin. Wata rana sai ga baƙi da mota, a sauke durom biyu masu launi ɗauke da tambarin kamfani, a raba wa yara huluna, a ɗauki hoto da shugaban makaranta, a tafi. Durom ya cika a mako ɗaya, babu wanda ya dawo, daga baya ya zama mazubin ruwan masu gadi. Kamfani ya samu talla a idon yara da hoton sa wa a rahotonsa, mu kuma muna nan da ashanarmu. Wannan talla ce, kada mu karɓe ta da sunan ɗaukar alhaki.

Haɗari na biyu ya fi wannan. Akwai masu zuwa da gasar tara roba, a ce ajin da ya fi tarawa zai samu kyauta. Sai yara su bazama juji da bakin kwata bayan an tashi, ba safar hannu, ba takalmin kirki, su tara wa wani kayan da zai sayar, a sallame su da fensir. In muka yarda da haka, mun mayar da ɗalibanmu leburorin da ba a biya, mun kuma ƙwace abincin ɗan gwangwan. Alhakin da ake cewa a ɗora wa mai masana'anta ya sake zagayowa ya sauka a kan yaro, da hannunmu.

Na uku, ƙungiyoyin da kamfanoni ke kafawa don tattara shara, kuɗin kamfanonin ne ke tafiyar da su. Ba a ba kura ajiyar nama. Dole hukuma ta yanka musu adadin da za su kwashe a kowace shekara, a kowace jiha, a kuma buga alƙaluman a fili: tan nawa aka sayar a jiharmu, tan nawa aka kwashe daga cikinta. In ba haka ba, za a tattara a manyan birane inda ya fi sauƙi, a ce an cika alkawari, mu kuma a bar mu da namu.

Abin da muke roƙon reshe ya yi

Da farko, mu san girman abin da muke magana a kai. Kowace makaranta ta ware mako ɗaya a wannan zango, a ƙirga ledar ruwa da robar lemo da aka share a cikin haraba kawai, a rarraba su bisa sunan da ke jikinsu, yara su wanke hannu da sabulu bayan an gama. Darasin lissafi ne da na kimiyya a lokaci ɗaya, kuma 'yan aji biyar da shida za su iya zana jadawalinsa. Idan wakilan makarantu suka kawo sakamakon, reshe zai samu hujjar da ba a ofis aka ƙirƙire ta ba.

Na biyu, shugabannin reshe su rubuta takarda da wannan hujja zuwa ga sakataren ilimi da shugaban ƙaramar hukuma, su kuma miƙa ta ga uwar ƙungiya ta jiha domin ta kai gaban kwamitin muhalli na majalisar dokoki. Buƙatarmu a bayyane take: a tilasta bin ƙa'idar da ke akwai, a buɗe wuraren sayen leda da roba a gundumominmu da kuɗin masu kayan, a yi wa masu tsinta rajista a biya su, kuma kada a sa yaro ɗan makaranta a cikinsu.

Na uku, mu amince a tsakaninmu cewa babu makarantar da za ta karɓi durom ko gasa daga kowane kamfani sai da yarjejeniya a rubuce, wadda kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai suka gani. A rubuta wanda zai kwashe, da ranar da zai riƙa zuwa, da abin da za a biya, kuɗin kuma ya shiga asusun makaranta. Kada a taɓa lokacin darasi, kada a aiki yaro wajen katanga.

Na huɗu, mu haɗa wannan da tsohuwar buƙatarmu ta ruwan sha a makarantu. Rijiyar burtsatse ɗaya mai aiki, da randuna masu murfi a bakin azuzuwa, da gorar da kowane yaro zai riƙa zuwa da ita daga gida, za su rage ledar da muke sharewa fiye da kowace nasiha. Sharar da ba a yi ba ita ta fi sauƙin kwashewa.

Na biyar ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya tsaya bayan an tashi daga taron reshe ya ga yadda muke barin zauren: ledar ruwa a ƙarƙashin kowace kujera, robar abinci a kan taga. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Daga taro mai zuwa a kawo ruwa a babban mazubi da kofuna, kuɗin da za a rage a sa shi a asusun jin daɗin malamai.

Muna da masaniya cewa akwai masu ganin ƙungiyar malamai ba ta da hurumi a nan, ta tsaya kan albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho. Waɗannan su ne gaba, babu mai jayayya. Amma hayaƙin da muke shaƙa a bayan aji yanayin aikinmu ne, darasin da shara ke cinyewa aikinmu ne, takardar tuhumar da ake ba shugaban makaranta saboda ledar da iska ta kwaso daga kasuwa ita ma tamu ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma babu wata ƙungiya da take da wakili a kowace unguwa da kowane ƙauye kamar tamu.

Idan muka shiga aji gobe muka zo darasin tsaftar muhalli, mu ci gaba da cewa yara kada su yar da leda. Sannan mu ɗaga ledar sama, mu sa ɗaya daga cikinsu ya karanta sunan da ke jikinta da ƙarfi, mu tambaye su wa ya yi ta, wa ya karɓi kuɗinta, kuma ina ya kamata ta koma. Wakilan makarantu kuma muna roƙon su zo taron reshe na gaba da ƙidayarsu a rubuce.